Lissafin gayya: wane irin ɗakin kwamfuta ya dace da ɗaliban injiniya na Maraɗi?

Ranar Juma'a 30 ga watan Agusta na shekarar 2024 an yi ruwan sama a birnin Maraɗi wanda ya kai milimita 150 cikin sa'a ɗaya da rabi. Gidaje sun rushe, hanyoyi sun yanke, aƙalla mutum 15 suka rasa rayukansu. A daminar wannan shekara ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a faɗin Nijar, ta kuma shafi fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi. Har buɗe makarantu sai da gwamnati ta ɗage zuwa ƙarshen watan Oktoba.

Da yawa daga cikinku, ya ku masu karatu, kun ga wannan ruwa da idonku. Bayan ya janye, tambayar da ta rage a bakin mutane ita ce: in ya dawo, ta ina zai bi? Wane magudani ya kamata a faɗaɗa? Wane fili ne bai kamata a yi gini a kansa ba? Amsa waɗannan tambayoyi aikin injiniya ne. A wannan zamani kuwa injiniya ba ya iya amsa su da alƙalami da takarda kaɗai, domin lissafin ya yi yawa. Sai ya haɗa kwamfutoci da yawa su yi masa aikin tare.

Wannan shafi bayani ne a kan ɗakin da ake koya wa ɗalibai irin wannan aiki. Za ku ji yadda abin yake, da irin ɗakin da ya dace da Maraɗi, da wurin da kuɗi ya kamata su tafi. Za ku kuma ga cewa karatu da rubutun da kuke koyo suna da gurbi a cikin maganar.

Makarantar da ake magana a kanta

A shekarar 2008 aka buɗe cibiyar koyon fasaha ta IUT a Maraɗi, inda ake horar da matasa aikin gine-gine da aikin wutar lantarki. A shekarar 2010 gwamnati ta kafa jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram, domin a rage wa jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai nauyi. Daga baya aka sa wa ta Maraɗi sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, ɗan garin, masanin kimiyya, wanda ya taɓa riƙe muƙamin ministan ilimi, ya kuma shugabanci hukumar ACCT ta ƙasashe masu amfani da Faransanci daga 1974 zuwa 1982. Bayan IUT, jami'ar tana da tsangayar kimiyya da fasaha, da ta aikin gona da muhalli, da ta kiwon lafiya.

Ɗaliban da ke can ƴaƴanku ne da ƙannenku. Wani daga Tsibiri ya zo, wata daga Jiratawa, kuma da kuɗin gero da wake da zogalen da kuka sayar ake ɗaukar ɗawainiyarsu. Cikin shekara 3 ɗalibi yake samun digirin farko, wanda ake kira lisans. Abin da hannunsa ya taɓa cikin waɗannan shekaru shi zai fita da shi. Saboda haka kuna da haƙƙin sanin abin da ake zuba wa a ɗakunan karatunsu.

Mene ne lissafin gayya?

Kowannenku ya san gayya. Mutum yana da gonar da in shi kaɗai zai nome ta sai ya yi kwana 20. Sai ya gayyato mutum 20, a dama fura, a kira makaɗi. Kowa ya kama kuyyarsa, kafin la'asar an tashi. Babu ko ɗaya cikinsu da ya fi ƙarfin da yake da shi jiya. An dai raba gonar ne, aka kuma yi aikin a lokaci guda.

Kwamfuta, wadda waɗansu a nan suke kira ordinatar, na'ura ce mai bin umurni ɗaya bayan ɗaya da sauri ƙwarai. Amma akwai lissafin da ya fi ƙarfin guda ɗaya, wanda za ta kwana tana yi ba ta gama ba. Sai a jera kwamfutoci da yawa, a haɗa su da waya, a yanka lissafin gunduwa-gunduwa, kowace ta ɗauki nata. Ɗaya daga cikinsu takan zama kamar mai gona: ita ke raba aiki, ita ke tara sakamako. Sauran su ne ƴan gayya. Wannan shi za mu riƙa kira lissafin gayya.

Dabarar ta girmi kwamfuta. Wani masani ɗan Ingila mai suna Lewis Richardson ya gwada lissafa yanayin sama da hannu a lokacin yaƙin duniya na farko. Hasashen sa'a 6 kawai ya ci masa kimanin mako 6, kuma amsar ta fito ba daidai ba. A littafin da ya fitar a shekarar 1922 sai ya kawo wata shawara: a tara mutum 64,000 a wani katafaren zaure, a raba musu taswirar duniya, kowa ya lissafa iska da zafin yankinsa, ya miƙa wa maƙwabcinsa amsa. A tsakiyar zauren a tsayar da mutum guda yana daidaita su da hasken fitila, kada wani ya yi gaba ya bar wani a baya. Aikin makaɗin gayya ke nan. Ba a taɓa gina zauren ba, amma da wannan tsari ne manyan kwamfutoci suke lissafa hasashen yanayin da kuke ji a rediyo.

Abin ya ma iso aljihunku. Wajen shekarar 2005 masu ƙera kwamfuta suka ci karo da wata matsala: in aka ƙara wa ƙwaƙwalwar na'ura sauri, sai ta yi zafi fiye da kima. Daga nan suka koma zuba ƙananan ƙwaƙwale da yawa a cikin na'ura guda. Wayar salula ta shafawa da ake sayarwa a babbar kasuwar Maraɗi tana ɗauke da ƙwaƙwale 4 ko 8. Injiniyan da bai koyi raba lissafi ba kamar mai gona ne da ya tara mutum 8, ya ba ɗaya hauya, ya bar 7 a gindin bishiya.

Ba kowane aiki gayya take gaggautawa ba

A nan ne koyarwar take, kuma a nan ne mai sayar da na'ura ba ya son a daɗe.

Ku ɗauki ɓarar gyaɗa. In an zuba buhu 10 gaban mata 10, kowace ta ja nata, ba ruwanta da ta kusa da ita. Da an ƙara hannu, aiki ya ƙara sauri. Noman gayya ya ɗan bambanta. Kowa yana da iyaka da maƙwabcinsa, dole a riƙa dubawa kada a bar ciyawa a tsakani, kuma ba a tashi sai wanda ya fi kowa nawa ya kai ƙarshen kuyyarsa. To, ku dubi ginin rijiya. Ko an tara mutum 100 a baki, mutum ɗaya ko biyu ne za su iya shiga ƙasa, kuma ba a haƙa gaba na 10 kafin na 9.

Kowane babban lissafi yana da ɓangare irin na gyaɗa da ɓangare irin na rijiya. Wani injiniya ɗan Amurka, Gene Amdahl, ya yi bayanin wannan a shekarar 1967. Ga misalin da za ku iya bi da alli a kan allo. A ce aiki yana cin sa'a 100 a kwamfuta guda. Sa'a 90 ana iya raba su, sa'a 10 ba sa rabuwa. Da kwamfuta 10, sa'a 90 ɗin sun koma 9, a haɗa da 10, aiki ya zama sa'a 19. Da kwamfuta 30 ya zama sa'a 13. Da kwamfuta 90 ya zama sa'a 11. Ko an kawo 1,000 ba zai sauko ƙasa da sa'a 10 ba. Kun ga kwamfutoci 10 na farko sun rage sa'a 81, amma 80 da aka ƙara a kansu sa'a 8 kacal suka rage.

Akwai kuma lokacin da ake ɓatawa wajen aika saƙo tsakanin na'urori. In aka yanka aiki ƙanana ƙwarai, sai su ɓata lokaci suna jiran juna, kamar ƴan gayyar da hira ta fi nomansu yawa. Ɗalibi yana iya haddace wannan daga littafi. Amma sai ranar da ya ƙara na'ura da hannunsa, ya ga aikin ya ƙara nawa maimakon sauri, sannan abin yake zama a kansa.

Abin da za a lissafa a bakin gulbi

Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya bi ta Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri, sannan ya sake komawa Najeriya. A shekarar 1945 ya yi cikar da ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, abin da ya sa aka tayar da gari zuwa kan tudu. Tun wajen 1990, da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya, zuwan ruwansa ya sake. Wannan kwari kaɗai ya ishi ɗalibai aikin shekaru.

Mu fara da ambaliya. A ce an ɗauki fili mai tsawon kilomita 10 da faɗin kilomita 10, wanda ya haɗa birnin da gefen gulbi. A yanka shi a taswira gida-gida kamar na dara, kowane gida mita 10 a tsaye, mita 10 a kwance. Gida miliyan ɗaya ke nan. A kowane gida sai an lissafa ruwan da ya sauka daga sama, da wanda ƙasa ta shanye, da wanda ya gangaro daga gidan da ke sama da shi, da wanda ya wuce gaba. Ruwan sa'a ɗaya da rabi daƙiƙa 5,400 ne. In ana sabunta lissafin kowace daƙiƙa, za a maimaita gida miliyan ɗaya har sau 5,400. Wannan kuma gwaji guda ne. Injiniya yana son ya sake gwadawa da magudani mai faɗi, ya sake da gada a wani wuri, ya sake da ruwan da ya fi na 2024. In akwai kwamfuta 16, kowace za ta riƙe gida 62,500, ta riƙa gaya wa maƙwabciyarta yawan ruwan da ya ƙetare iyaka. Irin noman gayya ke nan.

A Jiratawa maganar ta ruwan ƙarƙashin ƙasa ce. Tun farkon shekarun 1980 aka buɗe filin noman rani na can, mai fiye da eka 500, ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA. Da famfunan lantarki ake jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse, manoma kuma ta hannun ƙungiyoyinsu suke biyan kuɗin wuta. Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙungiya ya san yadda maganar kuɗin wuta da layin ban ruwa take ɗaukar zafi. Wane famfo za a kunna, da ƙarfe nawa, har tsawon wane lokaci, yadda kowa zai samu ruwa, kuɗin wuta ya ragu, ruwan ƙasa kuma kada ya yi nisa? Tsarin da ake iya bi ya kai dubbai. Kowace kwamfuta sai ta ɗauki nata kason ta gwada, a ƙarshe a zaɓi wanda ya fi. Wannan irin ɓarar gyaɗa ne, kuma shi ya fi dacewa a fara koya wa ɗalibi.

Tsibiri kuwa tana da darasi mai ɗaci. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajejen 2000, mutanen garin sun sha ruwan famfo mai ɗauke da sinadarin fuluwo fiye da kima. Ƙa'idar hukumar lafiya ta duniya ita ce kada ya wuce miligiram ɗaya da rabi a lita guda, na Tsibiri kuwa ya ninka haka. Haƙoran yara suka rine, ɗaruruwa ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Babu kwamfutar da za ta iya hango wannan in ba a ɗebi ruwan an auna shi ba. Na'ura ba ta san abin da ba a gaya mata ba, kuma in aka ba ta ƙarya, ƙaryar za ta ninka da sauri. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Babbar na'ura ko ƙanana?

Idan aka ce za a kafa ɗakin lissafin gayya, abin da ke fara zuwa zuciyar manya shi ne a sayo babbar na'ura daga waje, a yi biki, a yanke kyalle. Manyan na'urorin akwai su. Wadda ake kira Frontier, da aka kunna a Amurka a 2022, tana shan wuta fiye da megawat 20. Tashar hasken rana ta Malbaza, wadda aka buɗe a 2018, megawat 7 take bayarwa. Sai an haɗa irinta 3 kafin a ciyar da na'ura guda. Afirka ta Kudu ta kunna tata mai suna Lengau a 2016, Maroko ta kunna Toubkal a 2021. Waɗannan kayan bincike ne na ƙasa baki ɗaya. Ɗalibin shekarar farko ba ya kusantar su da sukudireba.

Akwai wata hanya. A shekarar 1994 waɗansu ma'aikata biyu a hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, wato Thomas Sterling da Donald Becker, suka sayi kwamfutoci 16 irin na kasuwa, suka haɗa su da waya, suka zuba musu manhajar Linux wadda kyauta ce. Suka sa wa abin suna Beowulf. Ya yi aikin da a da sai na'ura mai tsadar gaske. A wannan shekara kuma aka fitar da ƙa'idar MPI, wato yaren da na'urorin suke aika wa juna saƙo da shi, kuma manhajojinta ma kyauta ake samun su. A 2012 malamai a jami'ar Southampton ta Ingila suka haɗa ƴan ƙananan kwamfutoci 64 masu suna Raspberry Pi, kowace ba ta fi tafin hannu ba, a kan kuɗin da bai kai fam 2,500 ba.

Afirka ta Kudu ta nuna amfanin koyarwa ta wannan hanya. Akwai gasar da ake yi a Jamus, inda ɗalibai suke haɗa na'urorinsu da kansu, a ba su lissafi, a ga wanda zai fi. A shekarun da muke magana sharaɗin shi ne kada ƙungiya ta sha wuta fiye da wat 3,000. Ɗaliban digirin farko na Afirka ta Kudu sun zo na ɗaya a 2013 da 2014 da 2016 da 2019, gaban ƙasashen da suka fi su kuɗi nesa ba kusa ba.

Ra'ayinmu a nan a fili yake. Ɗakin da ya dace da ɗaliban Maraɗi ƙarami ne: kwamfutoci 16 ko kusa da haka irin na ofis, da akwatin da ke haɗa wayoyinsu, da manhajar kyauta, da jerin ƙananan na'urori irin Raspberry Pi na ƴan shekarar farko. Sharaɗi mafi girma shi ne a bar ɗalibai su kwance, su ɗaura, su ɓata, su gyara. A kowace shekara sabon aji ya wargaza abin da na baya ya haɗa, ya sake ginawa daga tushe. Yaron makaniki a tashar mota ba ya ƙwarewa da kallon sabuwar mota ta bayan gilashi.

Wuta, zafi da ƙura

Sayen na'ura shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ke kashe irin wannan ɗaki a ƙasarmu yana zuwa ne bayan biki.

Wutar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana zuwa daga Katsina, ta layin da ya bi ta Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, Najeriya ta yanke wuta a farkon Agusta. A lokacin kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC yake rabawa daga Najeriya take zuwa. Ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Masu walda da masu niƙa da masu ƙanƙara ba su manta da waɗannan watanni ba. Ɗakin da ya dogara ga wannan layi kaɗai zai iya rasa rabin shekarar karatu saboda abin da ba shi da hannu a ciki.

Ga ƙiyasi. Kwamfutar ofis in tana aiki sosai tana shan wat 150 ko kusa da haka. Guda 16 wat 2,400 ke nan. Duk wannan wuta zafi take komawa, kamar a kunna dutsen guga na lantarki 2 ko 3 a ɗaki a rufe ƙofa. A watan Afrilu da Mayu kuwa zafin Maraɗi yana wuce digiri 40 tun kafin a kunna komai. Dole a sa na'urar sanyaya ɗaki, ita ma ta sha nata. In ɗakin zai yi aikin sa'a 8 a yini, ana bukatar farantan hasken rana kimanin 15 irin manya, da batir masu riƙe wuta. Kuɗin wannan yana iya kamo kuɗin kwamfutocin ko ya wuce. Wanda ya kawo takardar kasafi babu wannan layi a ciki, bai gama lissafi ba. Ƙananan na'urorin nan kuwa, guda 16 gaba ɗaya ba su fi kwamfutar ofis guda shan wuta ba, shi ya sa ko ranar da babu wuta darasi ba zai tsaya ba.

Wannan bukata ma darasi ce. Ɗaliban lantarki na IUT su ya kamata su auna wutar, su ɗaura farantan, su binne wayar da ke kare na'ura daga tsawa. Ɗaliban gine-gine su tsara ɗakin: bango mai kauri, rufi mai hana zafi, taga ba ta fuskantar rana. Masu rubuta manhaja kuma su koyi sa na'ura ta riƙa ajiye inda ta kai lokaci-lokaci, yadda in wuta ta ɗauke za ta ci gaba daga nan, ba ta koma farko ba.

Sai ƙurar hunturu. Fankar da ke cikin kwamfuta iska take zuƙa, ta zuƙo har da ƙura, ƙurar ta toshe hanyar iska, na'ura ta yi zafi ta mutu. Maganin ba tsada: ƙofa biyu a jere, a cire takalmi a waje, a sa matata a mashigar iska, a buɗe na'urori a hure su a kan kari. Amma sai da mutumin da aikinsa ke nan. An sha ganin makarantu da ofisoshi inda aka kawo kyautar kwamfutoci, bayan shekara biyu ɗakin yana kulle, an lulluɓe su da zane, saboda babu wanda aka ɗauka ya kula da su, babu kuma kuɗin sayen ƙaramin abin da ya lalace. Albashin ma'aikacin gyara guda, da horar da malamai biyu ko uku, sun fi ƙarin na'ura 10 amfani. A kuma yi hattara da kyautar tsofaffin manyan na'urori. Lokacin da jami'ar Texas ta ajiye tata mai suna Ranger a 2013, an rarraba sassanta zuwa Afirka ta Kudu da Botswana da Tanzaniya, sun kuma yi amfani wajen koyarwa. Sai dai tsohuwar na'ura mai cin wuta ce. Kafin a karɓa a tambayi wat nawa take sha.

Masu cewa ba yanzu ba

Wani zai ce: ɗalibai suna kukan wurin kwana da jinkirin alawus, fiye da rabin manyan ƙasar nan ba su iya karatu ba, ina maganar lissafin gayya? Maganarsa tana da nauyi, kuma ita ce dalilin da ya sa muka ce ƙaramin ɗaki. Kwamfutocin da za a haɗa gayya da su da yamma su ne ɗalibai za su koyi sauran darussa a kansu da safe. Kuma duk lokacin da aka ɗauko kamfani daga waje ya lissafa mana hanyar ruwa ko ƙarfin gada, kuɗi ne suke fita, ilimin kuma ya koma tare da mai shi.

Wani kuma zai ce a yi hayar manyan na'urori ta intanet, tun da kamfanoni suna ba da haya. Ga babban bincike na lokaci guda wannan shawara ce mai kyau. Amma hayar da kuɗin waje ake biya, sa'a-sa'a, kuma ranar da layin intanet ya yanke aji ya tashi. Na'urorin da ke ɗaki guda suna magana da juna ta wayarsu, ba su bukatar intanet. Ɗalibin da ya iya tafiyar da 16 a gida ba zai ruɗe ba ranar da aka ba shi hayar 1,000.

Inda alƙalaminku yake shiga

Idan kuka ji an ce za a buɗe irin wannan ɗaki, ko a rediyo ko a taron iyaye, kada girman na'ura ya ɗauke muku hankali. Ku tambaya: da wace wuta zai yi aiki ranar da layi ya yanke? Wa aka ɗauka ya kula da shi, wa zai biya shi bayan mai ba da tallafi ya tafi? Ɗaliban digirin farko za su taɓa na'urorin, ko sai manyan malamai? Wace matsala ta garin nan za a fara lissafawa?

Sai mu komo kan darasin Tsibiri. Lissafin ambaliya da na ruwan ƙasa ba sa yiwuwa sai da awo na shekaru daga wurare da yawa. Hukumar yanayi ta ƙasa tana auna ruwan sama, cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna ma tana da nata bayanan. Amma ma'aikatansu ba za su iya tsayawa a bakin kowace rijiya ba. Ku ne kuke wurin kullum.

Ƙungiyar manoma ko ta mata tana iya sayen littafi guda ta ware shi domin wannan. A Jiratawa a rubuta ƙarfe nawa aka kunna famfo, ƙarfe nawa aka kashe, da lambar da mitar wuta ta nuna. A unguwannin da ruwa yake shiga, a sa alama a bango daidai inda ya tsaya, a auna da mita, a rubuta ranar. Rijiya kuwa a samu igiya a ƙulla mata ƙulli a kowace mita, a ɗaura dutse a bakinta, a zura har a ji ya taɓa ruwa. A riƙa yin haka ranar farko ta kowane wata, da sassafe kafin a fara ja, kuma daga wuri guda a bakin rijiyar. Ga yadda layi ɗaya zai kasance: 1 ga Maris, rijiyar bakin masallaci, mita 11 da rabi, da asuba. In wata ya wuce ba a auna ba, a bar gurbin fari, kada a cika shi da ka. A ajiye littafin a leda, nesa da gara, a hannun magatakardan ƙungiya, kuma in ɗalibi ya zo nema a ba shi ya kwafa a gabanku, ya bar muku naku.